Abin da Umma Ke Tafasawa Kowace Safiya

Shafi na 19

Tun shekaranjiya kuke cika min waya da tambaya ɗaya: maganin ya yi ko bai yi ba? Ga amsar. Wanda ya zo neman daɗin baki ya wuce gaba, babu shi a wannan shafin.

Wanda kuma yau ya fara karantawa, abin da ya kamata ya sani kaɗan ne. Auta tafinta ce a kotu. Shekararta talatin da huɗu, tana zaune da mahaifiyarta. Ciwon ciki ya hana ta sakat shekara da shekaru, yau murɗa, gobe gudawa, jibi kumburi. Sau biyu tana barin mai ba da shaida da baki buɗe ta ruga banɗaki. Magatakardan kotu ya ba ta takardar gargaɗi ta ƙarshe. Ranar Litinin akwai zaman da zai ci awa huɗu, kuma ita ce za ta tsaya.

Ranar Juma'a da safe ta koma wurin likita.

Littafinta ne a hannunsa, irin na 'yan makaranta, mai shuɗin bango. Shi ya sa ta riƙa rubutawa a ciki: abin da ta ci, lokacin da cikin ya murɗa, sau nawa ta zaga.

"Sati takwas," in ji likita.

"Takwas."

"Ba ki tsallake ko rana ɗaya ba?"

"Ko ɗaya."

"Kuma babu sauƙi."

"Babu."

Ta faɗa ne kamar yadda take yi a kotu, kamar maganar wani ce ta biyo ta bakinta.

"Likita, ka gaya min gaskiya. Kun leƙa da kyamara, kun ɗebi jini, ba ku ga komai ba. Taɓin hankali ne?"

"Ba taɓin hankali ba ne. Kuma ba ƙarya kike ba."

"To mene ne?"

Ya ajiye biro.

"Hanjinki ba gyambo, ba ƙari. Saurin fushi gare shi. Akwai jijiyoyi tsakanin ƙwaƙwalwa da ciki, saƙo na sauka, saƙo na hawa, ba hutu. Ke tafinta ce, kin fi ni sanin abin da ke faruwa idan mai isar da magana ya riƙa ƙara mata gishiri. 'Yar iska ta motsa a hanji, kafin labarin ya kai sama ya zama gobara. Hankali ya ɗan tashi a sama, kafin ya kai ƙasa ya zama gudawa."

"Garin maganin da nake sha fa?"

"Ƙwayoyin halitta ne masu rai, dangin waɗanda dama ke zaune a hanjin kowa. Ana sa ran idan sun zauna su rage hayaniyar. Wasu yana musu aiki, wasu ba ya yi. Tun farko na faɗa miki gwaji ne, ban yi miki alkawari ba."

"Ka faɗa."

Ya ci gaba da juya shafuka. Can ya tsaya. Ya koma baya, ya sake dawowa.

"Nan fa, Malama tafinta?"

Ta leƙa. Kwanan wata biyar a jere, ƙarƙashinsu fari fat.

"An tura mu zama a wani gari ne. Kwana biyar."

"Ba ki rubuta komai ba."

"Babu abin rubutawa."

"Me kika ci a can?"

"Abin da na samu. Har a bakin hanya na ci."

"Garin maganin fa?"

"Na tafi da shi. A ruwan gora nake zubawa in girgiza."

"A gida fa?"

"Umma ke haɗa min."

"Da wane ruwa?"



"Da ɗumi-ɗumi take kawo shi."

"Ɗumin daga sanyi ya hau, ko daga zafi ya sauko?"

Ba ta sani ba. Sati takwas tana karɓar kofi a bakin gado, ba ta taɓa tambaya ba.

"Kwana biyar sun yi kaɗan in ce maganin ne," in ji likita. "Ko shi ne, ko nisa da gida ne, ko duka biyun. Ban sani ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar na sani ba. Ki je ki ga yadda ake haɗa kofin nan."

Ya miƙa mata littafin.

"Litinin ɗin fa? In rubuta miki hutu?"

"Na cinye hutuna. Idan ban tsaya ba, shi kenan." Ta sa littafin a jaka. "Na ma rubuta takardar ajiye aiki tun watan jiya. Ranar da na bar wata tsohuwa a tsaye gaban alƙali tana kallon ƙofar da na fita. Na sa hannu. Tana aljihun teburina. Kwanan wata ne kawai ban sa ba."

"Wa ya sani?"

"Umma kawai."

"Kina son ajiyewa?"

"A'a."

"Me ya sa?"



"Nan ne kaɗai idan na yi magana kowa ke yin shiru. Ko da yake maganar ba tawa ba ce."

"To ki bar ta a aljihun teburin."

Washegari Asabar, ba ta jira kofin ya same ta a gado ba. Ta tashi, ta tako ba takalmi, ta tsaya a ƙofar kicin.

Umma ta yi shekara talatin tana aiki a asibiti, a ɗakin da ake dafa kayan tiyata. Ta bar aikin, amma aikin bai bar ta ba. Tukwanenta a kife suke bisa farin ƙyalle. Cokulanta kwana suke a rufe. Tsumman goge tebur daban, na goge hannun ƙofa daban, kuma kowanne sai ya sha tafasa kafin ya bushe.

Ta ba ƙofa baya, ba ta ga Auta ba.

Ta wanke hannu har gwiwa. Ta buɗe firji da gefen hannu, ta zaro 'yar leda ɗaya daga kwali. Ta yanke bakinta da almakashi, ta juye garin a kofi. Butar shayi na kan wuta tana huci. Ta sauke ta, ta tsiyaya ruwan yana tafarfasa a kan garin. Ta rufe kofin da faranti. Sannan ta ɗaga kai ta kalli agogon bango, ta harɗe hannu, ta tsaya jira.

Auta ta ga komai. Ta saurari kanta ko za ta ji fushi ya taso. Bai taso ba.

"Umma."

Umma ta juyo.

"Kin tashi? Sau nawa kika shiga tun asuba?"

"Me kika zuba a kofin nan?"

"Ina takalminki? A ƙasa kike tsaye haka?"

"Me kika zuba?"

"Ruwa."

"Tafasasshe."

"Da wane iri zan zuba?"

"A jikin kwalin an ce ruwan sanyi."

"Ni na iya karatun kwali ne?"

"Yaya ya karanta miki ranar da ya kawo shi. Ina wurin."

"Ya karanta."

"To?"

"To shi ya sa."

Umma ta ɗauki tsumma ta goge inda babu datti.

"Ya ce masu rai ne. Ya ce dubbai a kan dubbai a kowace leda, ba sa ƙirguwa. Da kunnena na ji. Shekara talatin aikina kenan, in kashe su. Na san abin da suke yi wa mutum, na ga ƙafar da aka yanke saboda almakashi ɗaya bai dahu ba. Sai yau wani yaro mai farar riga zai ce in ɗura wa 'yata su da cokali?"

"Ba irinsu ɗaya ba ne, Umma."

"Kin taɓa ganinsu da idonki?"

"A'a."

"To ta ina kika san na kirki da na banza?"

"Minti nawa kike barinsa a rufe?"

"Goma. Ƙasa da haka wasa ne."

"Kullum?"

"Kullum. Ban taɓa yi miki ha'inci ba."

Da gaske take. Abin da ya fi komai nauyi kenan. Babu ko ɗigon kunya a muryarta, sai irin natsuwar wanda ya san ya yi aikinsa yadda ya kamata.

Auta ta ja kujera ta zauna.

"Sati takwas gawa nake sha."

"Tsafta kike sha."

"Na je na ce wa likita maganinsa bai yi ba."

"Ai bai yi ba."

"Ba a bar shi ya yi ba."

Aka buga ƙofar gida da ƙafa. Yaya ne, wanta, bakanike, da tukunyar gas a kafaɗa. Duk Asabar yake kawo ta.

"Masu gida! A buɗe wa mai datti!"

Ya shigo yana nishi, ya dire tukunyar a bakin kicin.

"Tsaya nan," in ji Umma. "Hannu."

"Umma, na wanke a gareji."

"Da me?"

"Da fetur."

"Wuce famfo."

Ya wuce yana dariya, yana cuɗa sabulu.

"Auta, ya cikin? 'Yan hayan da na kawo miki sun tare kuwa, ko har yanzu suna neman ɗaki?"

"Sun mutu a bakin ƙofa."

"Kamar yaya?"

Ta nuna masa kofin da haɓa. Ya ɗaga farantin. Tururi ya bugi fuskarsa. Ya kalli butar, ya kalli Umma, sai ya fashe da dariya har yana dafa bango.

"Kai, Umma! Wallahi ke ko iska ce, da za ki samu tukunyar da za ta ɗauke ta, sai kin tafasa mana kafin mu shaƙa!"

Babu wanda ya taya shi. Dariyar ta mutu a bakinsa.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko," in ji Auta.

Ya kashe famfo. Ya tsaya da hannu a jiƙe, ruwa na ɗiga a ƙasa, kuma karo na farko a rayuwarsa Umma ba ta ce ya goge ba.

"Umma, aikin yarinyar nan fa ke lilo. Litinin ce fa."

"Na sani."

"Kin sani, kika yi haka?"

"Na yi abin da uwa ke yi."

"A'a." Muryarsa ta sauka. "Kin yi abin da kika saba tun waccan shekarar. Ki faɗa mata."

"Rufe min baki."

"Ki faɗa mata, ko ni in faɗa. Shekara talatin da biyar ina riƙe da shi. Ni ma ina da ciki, Umma."

Auta ta kalli wannan, ta kalli wancan.

"A faɗa min me?"

Umma ta ninke tsumman biyu, ta ninke huɗu. Ta ajiye. Ba ta zauna ba.

"Ke ba ta biyu ba ce a wurina. Ta uku ce."

Firji na ta ƙugi. A waje wani na ta tayar da babur yana mutuwa.

"Akwai wata tsakaninki da yayanki. Mace. Wata goma sha huɗu ta yi a duniya."

"Tsuntsuwa muke ce mata," in ji Yaya. "Ba ta kuka kamar yara. Wani ɗan tsiwit-tsiwit take yi."

"Ba a taɓa gaya min ba."

"Ni na hana," in ji Umma. "Lokacin ina shara ne a ɗakin yara na asibitin, ba a kai ni wurin kayan tiyata ba tukuna. Ranar na yi aiki biyu a jere, wadda za ta karɓe ni ba ta zo ba. Na dawo ƙafata ba ta ɗaukata. Babanku na wurin aiki. Na taɓa risho, ba kalanzir. Yarinya na jin yunwa. Na kalli durom ɗin ruwa, ruwan garau, kamar ka ga fuskarka a ciki."

Ta dafa tebur, ta ci gaba.

"Na haɗa mata madara da shi. Da sanyinsa."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya. Sau ɗaya tak."

Ta faɗi sauran ba hawa ba sauka, kamar mai karanta jerin kayan da aka kawo wanki.

"Kwana uku tana gudawa. Na kai ta ɗakin da nake sharewa. Gado na huɗu daga ƙofa. Nas ta tambaye ni, kin tafasa ruwan? Na ce na tafasa. Ta rubuta. Babanku ya tambaye ni, na ce na tafasa. Har ya koma ga Allah abin da ya sani kenan."

"Ni ina zaune a bakin gado lokacin da ta haɗa," in ji Yaya. "Shekarata shida. Na gani. Ba ta ce in yi shiru ba. Kallona kawai ta yi."

"Bayan sati biyu na koma aiki. Na share ƙarƙashin gadon nan da hannuna. Sannan na je na roƙi a mayar da ni inda ake dafa kaya. Da shekara ta zagayo aka haife ki."

Auta ta jira hawaye. Ta san nan ne wurin da ake kuka. A kotu ta sha fassara irin wannan, ta ga lauyoyi na sunkuyar da kai, ta ga alƙali na cire tabarau. Ta duba cikin ƙirjinta kamar mai duba ɗakin da aka kwashe kaya. Babu komai.

Abin da ya zo mata wani abu ne daban.

"Tun ina aji ɗaya kike tsayawa a ƙofar banɗaki."

"Ina dubawa ne."

"Sau nawa, wane kala, da ruwa ko ba ruwa. Kafin ki ce min ina kwana."

"Da na tambayi waccan da wuri..."

"Ban taɓa cin abincin makaranta ba. Ban taɓa kwana gidan ƙawa ba. Ranar da na sha ruwa a gidan Gwaggo, kwana biyu kina taɓa goshina."

"Kuma ga ki a raye."

"Ga ni."

Auta ta kalli hannayenta a kan tebur.

"Likita ya ce ciki da kai suna magana da juna. Ban gane ba sai yanzu. Duk safiya, kafin in sa ƙafa a ƙasa, na san tambayar da ke jirana a bakin ƙofa. Cikina ma ya sani. Kafin ki yi ta ya riga ya amsa."

Umma ta dafa bakin wurin wanke-wanke.

"Wato ni ce ciwon."

"Ban ce ba. Likita ma bai ce ba."

"Kin ce."

"Cewa na yi na yi kwana biyar ba kya kusa, ban rubuta komai a littafi ba. Iyakar abin da na sani kenan."

A nan zan faɗi tawa, wanda zai ji haushi ya ji. Akwai iyayen da ke ɗaukar tsoronsu su zuba wa ɗa a kofi kowace safiya, su kira shi kulawa. Ba mugunta ba ce, amma ɗan da ya sha ba ruwansa da sunan da aka sa wa abin. Kuma kada ku yi saurin wanke Auta. Mace mai shekara talatin da huɗu, wadda alƙali ke jiran bakinta kafin ya yanke hukunci, ta kasa zuba ruwa a kofi da kanta. An ɗaure ta, gaskiya ne. Amma ita ma ta ji daɗin miƙa hannu.

Da alama ta gane hakan, don tashi ta yi.

Ta buɗe firji da tafin hannu, ba da gefe ba. Ta zaro sabuwar leda. Ta yage ta da haƙori.

"Auta!"

Ta ɗauki kofi daga kan farin ƙyallen. Ta ɗauko gorar ruwa mai sanyi, ta zuba. Ta juye garin, ta juya da cokali. Ruwan ya yi fari-fari.

"Auta, don girman Allah. Ki bari ko minti biyar ne in..."

Ta shanye a tsaye. Ba shi da wani ɗanɗano, kamar an jiƙa alli.

Umma ba ta yi ihu ba. Idonta na kan maƙogwaron Auta, tana bin kowace haɗiya. Leɓenta na motsi. Ƙirga take, ko addu'a, babu wanda ya sani.

Auta ta ajiye kofin ba ta wanke ba.

"Yaya, akwai wuri a gidanka?"

"Wuri kamar yaya?"

"Kwana biyu. Zuwa Litinin."

Ya saci kallon Umma.

"Akwai ɗakin yara. Sai dai ki sani, gidana ba a tafasa komai. Jiya na kama ƙaramin yana lasar tayar keke."

"Ya yi."

"Antinki za ta yi murna. Dama tana cewa ke kaɗai ce dangin miji da ba ta taɓa ganin kin ci abincinta ba."

"Zan ci."

"Ba fushi na yi ba, Umma," ta ce, ba tare da ta juya ba. "So nake in tsaya awa huɗun nan. Idan na tsaya, na tsaya. Idan na kasa, in san ni ce na kasa. Daga nan sai mu yi maganar Tsuntsuwa, ki nuna min inda take."

Ta zaci Umma za ta tare ƙofa. Ta zaci za ta yi kuka, ko ta kama cikinta ita ma, ko ta ce idan kika fita ban yafe ba.

Ko ɗaya ba ta yi ba.

Ta ɗauki kofin da Auta ta ajiye, ta sa a roba, ta tsiyaya masa sauran ruwan butar.

"Litinin ɗin me?" ta ce a hankali.

Auta ta juya ta fita. Ta wuce ɗakinta. Ta sauko da ƙaramar jaka daga kan kabad. Riga biyu, takalmin aiki, shuɗin littafi. Ta koma kicin ta ɗauko kwalin maganin gaba ɗaya, ta dawo. Saura katin shiga kotu.

Ta jawo aljihun tebur.

Katin na nan. Biro biyu na nan. Takardar gargaɗin magatakarda na nan a ninke.

Farar ambulan mai takardar ajiye aiki ce babu.

Ta zaro aljihun gaba ɗaya ta juye a kan gado. Ta duba bayan teburin. Ta duba ƙarƙashi. Ƙasan a share yake tas, kamar kullum.

Ta dawo ƙofar kicin da aljihun teburin a hannu. Yaya na durƙushe yana ɗaura tiyon gas. Umma na goge kofin.

"Umma, ina takardar da ke cikin nan?"

"Wace?"

"Kin san wadda nake nufi."

Umma ta ɗaga kofin ta duba shi a hasken taga. Ta kife shi a kan farin ƙyallen, daidai inda yake ɗazu.

"Awa huɗu a tsaye. Ba banɗaki, ba ruwan gida, cikin mutane ɗari kowa da tarinsa. Ke da bakinki kika ce min kin gaji, ranar da kika dawo kika kwanta da takalmi. Kika ce kin rubuta, kin sa hannu."

Yaya ya saki tiyon.

"Umma, me kika yi?"

"Jiya, tana wurin likita, na shiga mota na je. Mutumin kirki ne magatakardan nan. Har kujera ya ba ni, yana ce min Mama."

"Ba kwanan wata a jiki," in ji Auta. Muryarta ta fito siririya, kamar daga wani ɗakin. "Ba za su karɓa ba. Babu kwanan wata."

"Akwai."

"Ba ki iya rubutu ba."

"Ban iya ba. Amma shekara talatin, duk ƙunshin kayan da ya fito daga tukunya, ni ke rubuta masa kwanan wata a jiki." Ta goge hannunta a tsumma, yatsa bayan yatsa. "Shi kaɗai na iya. Kuma ban taɓa kuskurensa ba."



Auta ta saurari cikinta. Ta jira murɗar nan da ta sani, wadda ke zuwa ko don an ɗaga mata murya. Shiru. Kamar babu kowa a ciki.

A kan gado, cikin tarkacen aljihun tebur, wayarta ta fara ruri.

Yaya ne ya je ya ɗauko. Ya duba fuskar wayar, ya miƙo mata ba tare da ya kalle ta ba.

Magatakarda.